Hannun Mai Guga

A layin nan babu wanda bai san hannun mai guga ba. Shagonsa ko allo babu, amma duk mai rigar da yake ji da ita can yake kai ta. Ba ya duba lambobin da ke jikin dutsen guga, ba ya yayyafa ruwa ya saurari ƙara kamar yadda 'yan koyo suke yi. Tafin hannunsa kawai yake karawa kusa da ƙarfen, ya ɗan karkata kai, sai ya ce, "Wannan na siliki ne," ko kuma, "Saura kaɗan ya isa zanin gado." Shekara da shekaru yana sana'ar bai taɓa ƙona wa mutum ko bakin aljihu ba, kuma ba ya gajiya da faɗa. In ka zauna a bencin ƙofar shagon ka ɗan jima, sai ka ji labarin sau biyu.

Shagon ɗaki ne guda. Teburin guga a tsakiya, an shimfiɗa masa tsohon bargo da farin ƙyalle, ga rediyo a kan taga, ga fanka mai kukan tsufa, ga kaya a rataye har rufi. Ƙofar baya tana fita tsakar gida, inda matarsa take wanki. Haka suka raba rayuwarsu tun aurensu, ita da ruwa, shi da wuta. Daga safe har la'asar hannunta na cikin baho, yatsun sun yi yaushi, tafin ya yi fari, in ta taɓa wuyanka sai ka zabura don sanyi.

A kan hannun nan nata akwai wani tsohon labari da ya zama abin tsokana a gidan. Lokacin da babbar 'yarsu take jaririya, wata rana ta ɗauke ta ta ji jikin kamar garwashi. Ba ta tsaya neman takalmi ba, ta ruga asibiti da kumfar sabulu a damtse. Ta yini a layi, aka auna yarinya aka ce lafiyarta ƙalau, ita kuwa jaririyar sai dariya take wa mai auna ta. Tun daga ranar mai guga ya raɗa mata suna Hannun Ruwa.

"Ke da kike zaro hannu daga baho," in ji shi, "ko bango kika taɓa cewa za ki yi zazzaɓi yake."

Abin takaicin shi ne gaskiya ya faɗa. Hannun da ya yini a ruwan sanyi komai ya taɓa zafi zai ji. Sai dai bai taɓa juyo da maganar kan nasa hannun ba, wanda yake yini a kan ƙarfe mai zafi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ita kuwa tun tana musu har ta daina, ta koma in yaro ya yi ɗumi sai ta ce, "Baban yara, zo ka taɓa."

Ƙaramar 'yarsu ba ta cika shekara uku ba. Maɓalli ake kiranta, domin duk maɓallin da ya faɗo daga rigar mutane ita ke tsince shi ta zuba a wani tsohon gwangwanin madara. Ƙarƙashin teburin guga nan ne fadarta. Tana zaune tana jera maɓallanta, tana ba kowanne suna, tana yi musu faɗa da muryar uwarta. In uban ya taka ɗaya sai ta riƙe masa ƙafar wando ta ce ya ba shi haƙuri, kuma sai ya bayar take sakinsa. Yana sonta so mai tsanani, irin wanda namiji yake ɓoyewa cikin tsokana. Aibinta ɗaya, fitsarin kwance. Kullum safiya igiyar shanya ta farko tata ce, da zanin shimfiɗarta da 'yan wandunanta, kafin a zo kan kayan mutane.

Sai wata mura daga makaranta ta shigo gidan. Yayarta ce ta kwaso ta, ta kwanta kwana biyu tana kukan kai da ciwon gaɓoɓi, ta sha magani, ta miƙe ta koma aji tana tsalle. Rabin yaran layin haka suka yi a makon. Don haka da abin ya zo kan Maɓalli, mai guga ya riga ya yanke masa hukunci tun kafin ya dube shi.

Amma zuwan nata daban ne, da ya lura. Murar da aka saba a hankali take shigowa, yau atishawa, gobe majina, yaro yana wasansa yana shaƙar hanci. Wannan kuwa faɗo mata ta yi. Da safe tana rigima da maɓallai, kafin azahar ta kwanta a kan tarin kayan da ba a goge ba, tana rawar ɗari a ɗakin da babba ma gumi yake yi. Ta ce ƙafarta na ciwo, ta ce bayanta na ciwo. Aka miƙa mata abinci ta juya kai. Tari ya fara, busasshe, mai fitowa daga can ƙasa.

Uwar ta shigo tana goge hannu a zani, ta ɗora mata a goshi, ta janye da sauri.

"Baban yara, yarinyar nan wuta ce."

Ya jingine dutsen guga, ya sunkuya, ya ɗora tafinsa a goshin. Ɗumi ya ji kaɗan, irin na yaron da ya tashi daga barci.

"Hannun Ruwa kenan. Wannan ko hankici ba zai goge ba. Mura ce irin ta yayarta."

"To ko mu kai ta a duba?"

"A duba me? Mu je mu yini a layi a sake yi mana dariya? Je ki wurin mai kemis ki karɓo maganin zazzaɓi na yara, tunda hankalinki ba zai kwanta ba."

Ta je ta karɓo. Mai kemis ɗin ma ya ce mata in abin ya wuce kwana biyu, ko ta ga numfashin ya canza, a kai ta asibiti. Ta dawo ta faɗa wa mijin. Ya ce ai kowa da sana'arsa, shi ma in an kawo masa riga yakan ce a kula da ita.

Kwana biyu Maɓalli tana kwance. In magani ya shiga ta yi gumi ta ɗan buɗe ido, in ya sake ta ta koma. A rana ta uku sai ga ta ta miƙe. Ta sha shayi, ta ci ɓallin burodi, ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta zazzage gwangwaninta. Murya a dishe, amma faɗa take wa wani jan maɓalli wai ya yi yawo. Mai guga ya ji daɗi har cikin ransa, ya kuma kasa yin shiru da jin daɗin.

"Maman yara! Zo ki ga gawar da kike so mu kai asibiti."

Ta leƙo, ta yi murmushi, ta ce, "Bakinka dai, Baban yara." Ta koma bakin baho da sauƙin zuciya. Har maƙwabciyarsu mai ɗinki, wadda shagonta ke manne da nasu, sai da ya ba ta labarin yadda hannunsa ya sake cin gasa.

A ranar ne kuma motar wani otal ta sauke musu aiki, irin aikin da mai guga ya daɗe yana nema: zannuwan gado da rigunan matashi da ƙyallayen tebur, farare tas, tuli guda har ya kusa toshe ƙofa. Aka ce ana so jibi da yamma, in ya yi kyau kuma aikin ya zama nasu kullum. Ita ta shiga ruwa, shi ya shiga wuta, gidan ya zama ba ka jin komai sai ƙarar rediyo da kukan fanka da hucin dutsen guga a kan danshi.

Washegari da hantsi zazzaɓin ya dawo. Bai dawo da rawar ɗari da kuka irin na farko ba, da shiru ya dawo. Maɓalli ta bar gwangwanin a buɗe, ta hau tarin zannuwan da aka sauko da su daga igiya, ta kwanta rub da ciki. Tarin da take yi ya yi nauyi, in ta yi sai duk jikin ya girgiza. Uwar ta kawo ruwa a kofi, ta tsotsa sau ɗaya ta ture. Ta kawo shayi, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Zo ka taɓa," in ji uwar.

Ya taɓa, da hannun da ya saki dutsen guga yanzun nan.

"Ya ma fi na shekaranjiya sauƙi. Gajiyar ciwo ce. Ki bar ta ta yi barci, barci magani ne."

Ya koma kan aikinsa yana jin daɗin shirun. Wannan ne abin da daga baya ya fi ci masa rai. Babu mai riƙe masa ƙafar wando, babu mai zuba maɓalli a hanya, zannuwa suna ta hawa kan juna a ninke kamar an yanka su da wuƙa. Har waƙa ya bi rediyo da ita a ranar.

Safiyar ranar da za a kai kaya, uwar ta shigo shagon ba tare da ta goge hannu ba. Ruwa na ɗiga daga yatsunta a kan siminti. Ta tsaya a gefen tebur har sai da ya ɗago.

"Baban yara, fito ka dubi igiya."

"Me ya samu igiya? Ta tsinke?"

"Babu kayan Maɓalli a kai."

"To?"

"Jiya da safe zaninta ɗan danshi kawai na gani. Yau a bushe yake ƙayau. Wandon da na sa mata jiya da rana shi ne a jikinta har yanzu, na duba, a bushe. Yarinyar nan ba ta yi fitsari ba."

Mai guga ya yi dariya, dariya ta gaske.

"Ikon Allah! Shekara nawa kina kukan fitsarin kwance, yau yarinya ta yi hankali ta daina, kuma shi ma ya zama abin kuka? Ai tukwici ya kamata ki ba ta."

"Ba ta shan komai. Ɗazu ta yi kuka da na ɗaga ta, ko ɗigon hawaye babu. Kuma numfashinta bai yi mini ba."

"Hanci ne ya toshe."

"Don Allah, Baban yara. Ko dariyar ce a sake yi mini, na yarda."

Nan ya ɗan tsaya, domin ba ta saba haɗa shi da Allah ba. Ya dubi yarinyar. Tana kwance a kusurwa kan zannuwa, ta ba su baya, cikin doguwar rigarta mai faɗi. Ya dubi tulin da ya rage. Ya dubi ƙwan lantarki da ke ci, wanda a layin nan ba a san lokacin tafiyarsa ba. Ya je ya taɓa goshin, ya taɓa tafin ƙafarta, ya ji ƙafar ma sanyi gare ta.

"Ji ƙafarta, sanyi ƙalau. Bari mu sallami motar otal da yamma, in har lokacin hankalinki bai kwanta ba, ni da kaina zan kai ku. Kin ji na yi alkawari."

Ta dubi hannayenta, masu fari da yaushi, waɗanda aka shekara goma ana gaya mata maƙaryata ne. Ta juya ta fita. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma a gidan nan turken mutum biyu ya ɗaure.

Rana ta take tsaka aka ɗauke wuta. Rediyo ya yi shiru a tsakiyar magana, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Mai guga ya ja tsaki, ya ciro tsohon dutsen gawayi daga bayan ƙofa, ya fita tsakar gida ya zuba gawayi ya hura. Hannunsa ya yi baƙi ƙirin, kuma mai hankali ba ya taɓa farin zanin otal da irin wannan hannu. Ya tsuguna bakin bahon ɗauraya, ya tsoma hannuwan har wuyan hannu, ya cuɗa da sabulu, ya ɗauraye, ya sake cuɗawa saboda baƙin da ya shige ƙarƙashin farce. Ruwan sanyi gare shi, har ya ji daɗinsa. Ya daɗe a wurin fiye da yadda ya yi niyya.

Da ya koma shagon sai ya ji wani sauti da bai san da shi ba. Ƙarami ne, mai sauri, da ɗan gurnani a ƙarshen kowane fita. Ya duba bayan tebur ko kyanwa ce ta shigo. Sai ya gane daga kusurwa yake fitowa, kuma ya gane cewa sautin nan ya daɗe a ɗakin, rediyo da fanka ne suka rufe shi.

Zannuwan da take kwance a kai su ne na gaba a guga. Ya sunkuya ya sa hannu biyu ya ɗago ta don ya canza mata wuri.

Saura kaɗan ya sake ta. Zafin ya ratsa rigar ya shiga tafinsa. Shi da ya san zafi kala-kala, ya san wannan ba na jikin mutum mai lafiya ba ne, ko kusa. Ya ɗora hannu a goshin da ya taɓa ɗazu ya ce lafiya, ya ji kamar ba goshin ba ne. Goshin bai canza ba. Hannun ne ya huce.

Ya ɗaga rigar. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinta tana shigewa ciki da kowane numfashi, ramin wuyanta yana lotsawa, ƙofofin hancinta suna buɗewa suna rufewa. Leɓɓanta sun bushe sun tsage, sun koma kalar toka. Ya kira sunanta. Ya ce, "Maɓalli, ga wani ja na tsinto miki." Idon ya buɗe rabi, bai tsaya a kansa ba, ya koma.

Bai san da wace murya ya kira matarsa ba, amma har mai ɗinki sai da ta fito da almakashi a hannu. Uwar ta shigo ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke ɗigar ruwa. Ta fizgi zani ta yafa. Mai ɗinki ta ce su tafi, ita za ta kashe gawayin ta tari babbar in ta taso daga makaranta. Suka bar shagon a buɗe, da zannuwan otal da komai.

A cikin tasi shi ya riƙe ta. Duk tsawon hanyar zafin yana cin ƙirjinsa ta cikin riga, yana jin ƙirjinta yana bugawa da sauri kamar na ɗan tsuntsu. Direban ya ga abin da ke bayansa ta madubi, ya daina surutu, ya dinga danna ham. Mai guga yana ta cewa, "Mun kusa, mun kusa," bai san ko da wa yake ba.

A asibitin ba su yi layi ba. Wata nas mai furfura a gaban goshi ta hango su tun daga ƙofa, ta dubi ƙirjin yarinyar sau ɗaya, ta karɓe ta ta wuce da ita ciki tana kiran likita. Kafin su ankara an ɗora ta a gado, an sa mata robar iska a fuska, an maƙala wani abu a yatsanta, ana neman jijiya a hannunta ana rasawa. Nas ɗin tana aiki tana tambaya, ba ta ɗago ba.

"Yaushe ta fara?"

"Kwana biyar ko shida," in ji uwar. "Ta samu sauƙi, sai ya dawo."

"Ya dawo da tari?"

"Eh."

"Yaushe rabonta da fitsari?"

"Tun jiya da safe, shi ma kaɗan."

"Numfashin nan fa, tun yaushe yake haka?"

Mai guga ya ce, da muryar da shi kansa bai gane ba, "Ina taɓa ta kullum. Jikin babu zafi sosai. Ni mai guga ne, na san zafi."

Nas ɗin ta zaro ma'aunin zafi daga hammatar yarinyar, ta duba, ta ajiye ba ta faɗi lambar ba. Ta dube shi, ba da faɗa ba, da gajiyar wadda ta ga irin wannan da yawa a makon.

"Baba, hannu ba ma'auni ba ne, ko da nawa hannun ne. Kuma ba zafin ne abin tsoro ba. Yaro yana iya yin zafi sosai yana shan ruwa yana wasa, a kula da shi a gida ya warke. Amma in ka ga numfashi na sauri, haƙarƙari na shigewa, ko ya ƙi sha, fitsari ya ɗauke, ko ana tashinsa ba ya tashi sosai, ko ya warke ciwon ya dawo da ƙarfi, to ko jikinsa sanyi ne kamar randa a kawo shi a lokacin. Murar bana ba ta wasa da ƙananan yara. Ta sauka mata a huhu."

Ya ƙirga abubuwan da ta lissafa a zuciyarsa, ya ga babu ɗaya da ba a nuna masa ba. Wasu ma da baki aka gaya masa, ya mayar da su abin dariya.

"Za ta tashi?" in ji uwar.

"Muna iya ƙoƙarinmu. Ku yi ta addu'a."

Suka zauna a benci a bakin ɗakin. Mutane na wucewa da kwanuka da filas, wata mata tana lallashin ɗanta ya sha magani, wani yana waya yana cewa an samu sauƙi. Mai guga ya jira matarsa ta ce wani abu. Ya so ta zage shi, ta tuna masa igiya, ta tuna masa alkawarin yamma. Da ta yi, da ya samu abin riƙewa. Ta haɗa hannayenta a cinya tana murza su, a karon farko cikin shekaru sun bushe da rana tsaka.

Da aka bar su suka shiga, an samu jijiyar a ƙafa, ruwa na sauka a hankali. Hannun Maɓalli na dama a dunƙule yake. Uwar ta buɗe yatsun a hankali don ta riƙe, sai ga jan maɓallin nan a ciki, ya yi mata shaida a tafi. Mai guga ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Daga nan bai iya tsayuwa ba, ya fita baranda ya kifa kai a bango ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti.

Suka kwana a wurin. Gari ya waye tana nan yadda take, ba gaba ba baya. Likita ya zo ya duba, ya ƙara wani magani a ruwan, ya ce a jira. Da hantsi mai guga ya ce wa matarsa ta je gida ta ga babbar, kada hankalinta ya tashi, ta kuma taho wa Maɓalli da kayan canji, tunda rigar jikinta ta yi kwana biyu. Ta ƙi, ya lallashe ta. Ya ce, "Ina nan, ba inda za ni." A wannan karon ma ta ji maganarsa.

Ba ta daɗe da fita ba abin da ke yatsan yarinyar ya fara ƙara. Nas ta shigo da gudu, likita ya biyo ta, aka ja labule, aka ce ya fita. Ya tsaya a baranda yana kallon wani ma'aikaci yana goge ƙasa, yana bin tsumman da ido daga wannan bango zuwa wancan. Da likitan ya fito, tafiyarsa kaɗai ta isa. Ya dafa kafaɗarsa ya yi masa magana a hankali. Mai guga ya ji kalmomin, ya gyaɗa kai, har godiya ya yi.

Nas mai furfura ta cire robar da allurar, ta goge wa yarinyar fuska, ta gyara mata kwanciya. Ta ce zai iya zama da ita har uwar ta dawo, ta ja musu labule. Ya zauna a kujerar gefen gado. Bai taɓa ta ba. Ya sa hannuwansa tsakanin gwiwoyi ya matse, yana neman kalmar da zai tari matarsa da ita. Ya daɗe yana nema. Duk wadda ya ɗauko sai ya ga ba za ta fita daga bakinsa ba.

Bai ji shigowarta ba sai da labulen ya motsa. Tana riƙe da leda, a ciki ga 'yar rigar Maɓalli mai furanni a ninke, da gwangwanin madara yana ƙara. Ta dubi gadon, ta ga babu roba a fuskar, babu ruwa a rataye. Ta dubi mijinta, ya kasa ɗago kai. Ta ajiye ledar a hankali, ta matsa, ta ɗora tafinta a goshin yarinyar. Ta daɗe a haka.

"Baban yara," in ji ta. "Kamar zazzaɓin ya sauka."

Ta juyo gare shi.

"Ka san ni hannuna ba a yarda da shi. Zo ka taɓa."

Ya miƙe. Rabonsa da dutsen guga tun jiya, hannun babu wuta babu ruwa, hannu ne kawai irin na kowa. Ya ɗora shi kusa da nata a kan ɗan goshin. Sanyi ya ji, kuma a wannan karon hannun bai yi masa ƙarya ba.

"Ya sauka ko?" in ji ta, tana kallon fuskarsa, hawaye na zuba. "Kai ka sani. Gaya mini."